Ƙirjin Mani

A Sukukutane, in ka ce Mani, sai a ce wanda bayansa bai taɓa ƙasa ba. Manomin gero ne, amma da an gama kaka, an soma kiɗan kokawa, sai ya ɗaura warki ya yi ta kayar da samari tun daga garinsu har Dogon Kiriya. Ƙirji gare shi kamar faifai, ya kuma san da haka, don bai cika son riga ba.

A shekarar da matarsa Sahura ta haifi tagwaye bakwaini a likitar garin, wato asibiti, babbar ta kama nono, ƙaramar kuwa kukanta ma da ƙyar ake ji. Tsofaffi suka ce a naɗe ta cikin auduga, a hura wuta, a bar wa Allah. Marwa, ungozomar likita, ba ta daɗe da dawowa daga horo a Dogon Dutsi ba. Ta ce an gwada wata dabara a ƙasashe da dama, jarirai da yawa sun rayu: a ɗaure jaririn a ƙirji, fata da fata, dare da rana.

Surukar Mani ta riƙe haɓa. "Goyo ga gaba? Ina anka taɓa yin haka?"

"Inna, ɗumin jiki ɗiyar ga taka so," in ji Marwa. "Sahura ta ɗauki guda. Saura ƙirji na biyu."

Ta juya ta dubi Mani. Shi ma ya waiga bayansa, ko da wani take. Babu kowa sai bango.

Haka aka kwantar da gwanin kokawa rigingine, aka ɗaure masa 'yar mitsitsiyar yarinya da zanen matarsa mai furanni. Tsoro ya kama shi sosai, ko tari ya ƙi yi. Abokai suka riƙa leƙowa ta taga suna kiransa uwar goyo. Makaɗinsa ma ya zo har ƙofa da ganga, wai ana jiransa a fili.

"Malam Ado, kashe gangag ga," Mani ya ce a hankali. "Kwana takai."

Lokacin kokawa ya wuce yana kwance. Kullum da safe Marwa ta ɗora yarinyar a sikeli, shi kuwa ya tsura wa allurar sikelin ido. Ran da allurar ta motsa sama, wannan ƙaton ya fashe da kuka a gaban mata, bai ji kunya ba.

Yau yarinyar, Ruƙayya, tana zuwa lakwal, wato makarantar boko, ta fi 'yar'uwarta ƙiriniya. In an yi bakwaini a garin, Marwa Mani take aika wa ya zo ya lallashi uban ya ɗauki jaririn a ƙirji. Matasa kuwa in sun tambaye shi ko an taɓa kayar da shi, sai ya nuna Ruƙayya da baki.

"Ga ta can. Tsawon wata guda ta aje bayana ƙasa, kuma ban so tashi ba."