Duwatsun da aka bari a kan kwalta

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana, Malam Sahabi, malamin firamare a Danchadi. Har yau in kaka ta yi, na ga an baje shanya a gefen kwalta, sai ya faɗo mini a rai.

Wanda ya san hanyar Bodinga zuwa Shagari ya san al'adar. Manomi zai shanya dawa ko barkono a bakin titi, ya jera duwatsu don kada mota ta taka. In ya kwashe shanyarsa sai ya yi gaba, duwatsun kuwa ko oho. Yaya ba ya wuce su. Sai ya tsai da babur ya kwashe, yana faɗa shi kaɗai: "Wagga hanya ba ta mutum guda ba ta." Muna yi masa tsiya, muna ce masa shugaban leburorin titi.

Wata la'asar yana dawowa daga makaranta, ya kauce wa wata bas, ya hau kan irin waɗannan duwatsu. Bai kai asibiti ba.

'Yan sanda sun kama mai shanyar, suka ce mana doka tana hukunta sakacin da ya jawo asarar rai. Amma mutumin nan maƙwabcinmu ne, sahu ɗaya muke salla. Dattawa suka zo wurin mahaifinmu, babbansu ya ce, "Alhaji, ƙaddara ta, a yi haƙuri." Baba ya share hawaye ya ce ya yafe, maganar ta mutu a nan.

Ban taɓa jayayya da ƙaddara ba, kuma ban so a ɗaure kowa don huce haushi. Sai dai ina tambayar kaina: da an bar kotu ta ce wani abu, ko tara ce, da ba a ji tsoro ba? Da Yaya zai leƙo yau, ina jin yafiyar ba za ta dame shi ba. Duwatsun ne za su dame shi, don suna nan.

Babban ɗansa Nasiru yanzu kabu-kabu yake yi da babur a wannan hanyar, shi ke ciyar da uwarsa da ƙannensa. Makon jiya ya ɗauko ni daga Sifawa. Daidai inda ubansa ya faɗi ya taka birki, ya sauka ya fara kwashe duwatsu. Babu wanda ya koya masa. Na zauna a kan babur ina kuka, ina roƙon Allah kada wata rana ya gan su a makare.