Kwamfuta a Cikin Zane

Wani mutum yana zaune a bakin benci a shagon gyaran kwamfuta da ke bayan kasuwar Haɗejia. Ƙafar wandonsa a jiƙe take, da alama sai da ya hau kwalekwale kafin ya samu babur. Hannuwansa na mai dashen shinkafa ne, ba su yi kama da na mai taɓa madannai ba. Duk da haka, da ya zo kwance kwamfutar daga cikin wani zanen atamfa, a hankali yake yi, kamar mai sauke jariri daga goyo.

Zainulabideen mai gyara ya kunna ta. Ta yi haske, ta ƙi kama intanet, fuskarta ta koma shuɗiya, ta mutu.

"Baba, wa ya ce ka sabunta ta?"

"Ita ta tambaya," in ji mutumin. "Ni kuwa ban saba hana mai ita komai ba."

"Sabuntawar ce ba ta zauna ba. Mafi sauƙi in goge komai, in ɗora sabo."

Mutumin ya ɗora tafinsa a kan murfin, bai ɗaga ba.

"Ta Mardiyya ce, 'yata. Akwai inda take karatun Alƙur'ani a ciki. Mahaifiyarta takan saurara bayan sallar asuba."

Zainulabideen bai tambayi inda Mardiyya take ba. Ya ture sauran aikin da ke gabansa, ya jawo sukuddireba.

"Gyara zama, Baba. Muryar za mu fara fitarwa."