Ranar da Aondowase Ya Bar Gicciye a Kan Titi

Tun yana yaro a Agyaragu, Aondowase ya yanke wa kansa hukunci cewa Allah bai halicce shi don noman doya ba. Ƙannensa suna duƙe a gona, shi yana zaune kan kututture yana kallon sama, wai yana jiran kira. Kiran da ya taɓa samu a wurin na mahaifinsa ne, kuma da sanda ya zo.

Da ya girma ya shigo garin Lafiya, ya koyi facin taya, ya kafa injinsa a bakin titi a Bukan Sidi. Ya auri Seember, suka haifi 'yarsu Erdoo. Wani da sai ya gode wa Allah ya zauna. Shi kuwa bai daina neman dalilin zuwansa duniya ba. Ya shiga ƙungiyar mawaƙan coci, ranar da ya fara buɗe murya awakin unguwa suka kama hanyar Keana, har yau wasu ba su dawo ba. Aka mayar da shi mai nuna wa mutane wurin zama, ya tashi surukar shugaban kwamiti daga kujerar da take zama tun kafin a sa wa cocin rufi. Nan ma aka sallame shi da addu'a.

Sai ya gano abin da aka haife shi dominsa. A cocinsu, duk Jumma'a Mai Kyau, ranar tunawa da mutuwar Yesu, ana yin wasan Hanyar Gicciye a kan titi. Mutum ɗaya ya zama Yesu, ya ɗauki gicciye, sojoji na dukansa, mata na kuka, har tudun da ke bayan coci, inda za a ɗaure shi a ɗaga sama kowa ya gani. Wannan ɗagawar Aondowase yake so. Matsalar ita ce Akolo tela ya riƙe matsayin shekara da shekaru, don yana da doguwar fuska mai ban tausayi, kuma shi ke ɗinka kayan wasan.

Aondowase ya tara gemu har Seember ta ce tana kwana da tsintsiya. Babur ɗin Katikis, malamin cocin da ke shirya wasan, bai ƙara sanin faci da kuɗi ba. Duk wanda ya kawo taya sai ya sha wa'azi kan ƙauna da ba da rai saboda wani kafin a sa masa iska. Da ma'aikatan lafiya suka zo coci suka gwada jinin jama'a, suka ce nasa irin wanda ke shiga jikin kowa ne, ai sai magana ta ƙare. Ya shelanta wa titi gaba ɗaya, har maƙwabcinsa Malam Ya'akubu mai shagon kayan masarufi, wanda iyayensa suka zo daga Kano, ya ji labarin ya haddace. Abin da bai shelanta ba shi ne ɗan tsinken da aka soka masa a yatsa ya sumar da shi. Wannan ɓangaren Seember ce ta yaɗa.

Bara waccan Allah ya ji kukansa ta hanyar tumbin Akolo. Tela ya yi ciki har kwamiti ya ce ko gicciyen ƙarfe ne sai ya lanƙwashe. Aka ba Aondowase matsayin. Aka rage Akolo zuwa Saminu Bakurane, mutumin da ake tilasta wa ya karɓi gicciyen na ɗan taƙi ya mayar wa mai shi.

Ranar ta zo da rana mai narka kwalta. Aondowase yana azumi, an shafe shi da zoɓo da manja a matsayin jini, an ɗora masa rawanin ƙaya. Cikin sojojin akwai 'yan acaɓa da facinsa ya taɓa yashe su a hanyar Doma, saboda haka bulalar ta fi ta wasa shiga jiki. Bai damu ba. Ya faɗi faɗuwar farko da kyau har wata tsohuwa ta zagi sojan da uwarsa. A ransa ya ce, to, ga shi dai, yau ya san abin da ya zo yi.

Aka kai inda Saminu zai karɓa. Akolo ya sa kafaɗa yana ɓata rai. Aondowase ya miƙe bayansa ke nan, sai ga babur ya ratso cikin matan da ke kuka. Malam Ya'akubu ne, ba hula, rigarsa a birkice. Ya matso kusa da kunnensa ya gaya masa matarsa Rahmat ta haihu, jini ya ƙi tsayawa, asibiti ba su da irin nata. An gwada nasa, an gwada na ƙannensa, babu wanda ya yi.

"Baban Erdoo, ka yi haƙuri, na san ranarka ce," in ji shi. "Ni ma ban je masallaci ba. Kai kaɗai na sani."

Aondowase ya ɗaga kai. Ga tudun can, ana hango shi. Ga mai hoto ya riga ya hau ya gyara tsayuwa. Ga Akolo yana leƙowa ta ƙarƙashin gicciye, kunnensa ya miƙe kamar na zomo. Aondowase ya fara lissafin ko za a iya gicciye shi da sauri sannan ya tafi, ya tambayi Malam Ya'akubu ko abin zai jira a gama. Mutumin ya girgiza kai.

"Da allura za su ɗiba?" in ji Aondowase.

"Da allura."

"Babba?"

"Ban duba ba, maƙwabci."

Aondowase ya tattare farar rigarsa ya haye bayan babur. Jama'a suka ga Yesu ya bi ta gaban gidan mai ya sha kwana, rawanin ƙaya na kaɗawa.

A wasan nan ba a tsayawa in an fara, haka aka gada. Katikis ya duba hagu ya duba dama, ya ce wa sojoji wanda gicciye ke kafaɗarsa shi ne mai shi. Haka aka tasa Saminu Bakurane gaba har tudu aka ɗaure shi aka ɗaga, abin da bai taɓa faruwa ba tun da aka kafa addini. An ce sai da aka ƙaro majiya ƙarfi daga cikin 'yan kallo, kuma itacen ya yi ƙara an ji a Shabu. Amma Akolo ya yi mutuwa mai kyau, mai hoto ya ɗauka.

A asibiti kuwa, nas ɗin da ta fara ganin Aondowase ta ƙwalla kira a kawo gadon ɗaukar mai haɗari. Sai da ya lashi hannunsa ya nuna mata zoɓo ne. Da ta ji yana azumi ta ce ba za ta taɓa shi ba sai ya sa wani abu a ciki. Malam Ya'akubu ya ruga ya kawo lemo da burodi, azumin ma ya tafi. Da aka fito da allurar, mutumin da ya sha bulalar 'yan acaɓa bai ce uffan ba ya fara kiran mahaifiyarsa da ke Agyaragu da yarensu. Malam Ya'akubu ya riƙe masa kai, ƙaya na sukarsa a hannu, yana ta karanto addu'o'insa, shi kuma yana nasa. Bai suma ba sai da jakar ta cika. Rahmat ta tashi.

Bayan bikin Ista kwamitin coci ya zauna. Katikis ya yi dogon bayani cewa abin da ɗan'uwa Aondowase ya yi shi ne ainihin abin da ake wa'azinsa, kuma Fada, limamin cocin, da kansa ya yaba. Sai dai tsari tsari ne. Ba za a sake ba da gicciye ga mutumin da in an kira shi zai tafi ba. Aka mayar wa Akolo matsayinsa, da sharaɗin ya rage tuwo. Aondowase kuma aka ba shi Barabbas, ɗan fashin da ake saki tun farkon wasa ya gudu, tunda an ga yana da baiwar hakan.

Ya aske gemu. Wa'azin bakin titi ya ragu, faci ya fara riƙewa, abin da ya fi ba 'yan acaɓa mamaki.

Bara, da aka sake shi a matsayin Barabbas, ya yi gudunsa na ɗan fashi, ya zagayo ta bayan shaguna ya shiga sahun masu rakiya kusa da Seember. Suna tafe suna kallon Akolo a gaba, yana tangaɗi ƙarƙashin gicciye, mata na yi masa kuka. Ta dube shi ta gefen ido ta tambaye shi ko abin yana yi masa ciwo har yanzu.

"Yana yi, Maman Erdoo," ya ce. "Kullum yana yi. Miƙo ruwan nan. Telan nan bai rage tuwon ba, faɗuwa ta gaba ta gaske zai yi."