Samfefar Glenda

Idan kun taɓa shigowa wurin cin abincin kamfaninmu da ƙarfe goma na safe, to kun ga Glenda Hirons. Ita ce 'yar guntuwar matar nan mai rigar sanyi ruwan toka da ke zama kusa da taga, tana shafa bakin kofin shayi da babban yatsa kamar mai neman laifinsa. Kuma tana samu. Shekara goma sha tara ina zuba mata shayi, kofin da ta dawo min da shi wai bakinsa ya ɓantare zai cika tirela. Ni ko da tabarau ban ga komai ba.

Kafin ta zo nan, haƙoran roba take gogewa a wani ɗan shago a Banbury. Rabin tsofaffin garin da aikinta suke tauna biskit. A can ta koyi dokarta guda ɗaya: abin da zai karci harshe ba ya barin teburinta. Da shagon ya rufe ta ji ana neman masu hannu a kamfanin motar tsere, sai ta zo da samfefarta, takardar nan mai yashi ta goge abu, a jaka. Har yau ba ta taɓa kallon tsere ba. Ranar Lahadi duk gari na gaban talabijin ana ihu, ita tana tsakar gida tana yi wa kajinta faɗa.

Aikinta 'yar mota. Ai ba babbar ake sawa a ramin iska ba, ƙaramar ake ƙerawa, ta ɗan fi rabi, a ɗora ta kan bel mai gudu, ƙatuwar fanka ta yi ta hura ta ana auna yadda iska ke danne ta a ƙasa. Inji ne ke fitar da guntayen, su fiffike, su sandunan da ke riƙe taya, Glenda kuma ta goge su. Ƙuda ya taɓa sauka kan wani fiffike da ta gama, na rantse sai da ya zame ya karya ƙafa. Kuma bakinta gum. Mijinta Derek, direban bas, shekara ashirin da shida yana lallaɓa ta, ko launin motar bana bai taɓa ji daga bakinta ba. Ni ma an sa na sa hannu a takardar rufe baki, shi ya sa kuka ji ban faɗi sunan kamfanin ba.

To, manya biyu ne ke cin naman juna a gidan nan: Dakta Lovegrove, shugaban masu lissafin iska, da Neville Tarrant, mai sandunan taya da sifirin. A layin karɓar abinci ma ba sa hutawa.

"Neville, ɗaga min sandar gaban nan, tana tare wa iskata hanya."

"Iskarka? Yaushe ka saye ta? In na ɗaga, taya ba za ta zauna daidai a kwana ba."

"Taya ai matsalarka ce."

"To mu cire tayoyin mana, Dakta, mu sa wa direba gashin tsuntsu ya tashi. Bev, ƙara min wake."

Bev ni ce. Wata uku suna wannan, sannan suka shirya a kan wata sanda mai faɗi kamar wuƙa, mai kaifin gefe a inda ta haɗu da jikin mota. Aka yi ƙaramarta, aka sa a ramin iska. Lambobi suka fito da kyan da ba a taɓa gani ba. Dakta, mutumin da ke shanya ganyen shayi ya sake amfani da shi, ranar sai da ya saya wa kowa kek.

Fabrairu aka kai babbar mota gwaji Sifen. Direba ya zaga sau biyar ya fito yana zare ido, wai a kwana mai sauri gaban motar sakin ƙasa yake, kamar keken kanti mai karyayyar ƙafa. Dakta ya ce iska ba ta ƙarya, sandar Neville ce ke lanƙwasa. Neville ya auna, ya sake aunawa, ya ce ko kaurin gashi ba ta motsa ba. Wa zai ji shi? Sai aka fara raɗe-raɗin ranar Alhamis za a tura shi ya kula da lambunsa. A nan haka ake sallamar manya, a ce ka je gida ka yi shuka. Neville kuwa gidansa a hawa na uku na wani bene yake, ko tukunyar fure ba shi da ita. Shekararsa hamsin da takwas, kuma wanda aka ce sandarsa na lanƙwasa, babu kamfanin da zai sake kallonsa.

Ranar Talata aka dawo da sandar babbar motar, aka ajiye ta kan tebur a hanyar wucewa, duk ta yi kore da man da ake shafawa don ganin sawun iska. Glenda ba ta iya wuce abu ba ta shafa ba. Ta shafa. Minti biyar bayan nan ga ta a kicin ɗina, ta rufo ƙofa, yatsa na jini.

"Bev, na kashe Neville."

"Madalla. Ina gawar?"

"Ki bar wasa. Gefen nan na babbar kaifi ne, kamar yadda aka zana. Na ƙaramar kuwa, ni na kashe masa kaifi. Kartar min yatsa yake yi. Sau uku kawai na bi shi da samfefa."

"Masu dubawa ba su gani ba?"

"A Janairu? Guntu ɗari huɗu a mako? Tsawo suka auna suka wuce."

Ku gane, a gidan nan gara ka zagi mai kamfani a gaban matarsa da ka taɓa abin da ba a zana ba. An kori wani a kan haka, kafin shayinsa ya huce yana waje. Na ce mata, "Ƙawata, wa ya sani? Ni da ke. Ni kuma kin san bakina."

"Ai shi ya sa na shiga uku."

Laraba ba ta taɓa abinci ba. Ta zauna tana kallon Neville yana juya dankali a faranti shi kaɗai, duk an watse daga teburinsa kamar mai ƙyanda. Shekara biyu ya rage mata ta yi ritaya da mutuncinta.

Alhamis ni na kai shayi ɗakin taro, kuma haka kawai tire ya yi min nauyi na kasa fita. Ana tsakiyar karanta wa Neville laifinsa Glenda ta turo ƙofa, ƙaramar sanda a hannu ɗaya, babbar a ɗaya. Ta dire su gaban Dakta.

"Shafa."

"Glenda, muna taro."

"Dakta, shafa na ce. Kawo yatsan. Ba wannan ba, babban."

Ya shafa ƙaramar. Ya shafa babbar, ya ce "Ash!" ya sa yatsa a baki.

"Ni na yi," in ji ta. "Ba a zane yake ba. Sandar Neville lafiyarta lau. Jakata na shirye a ƙasa."

Fuskar Dakta ta yi ja, ta yi fari, ta koma wani launi da ban san sunansa ba. "Kina nufin lambobin da na yi wata guda ina alfahari da su..."

"Na samfefa ne, Dakta," in ji Neville a hankali. "Har kek ka saya mata."

Washegari aka gwada biyun a ramin iska. Mai kaifin, iska na rabuwa da ita ta watse kafin ta shiga ƙarƙashin mota. Ta Glenda kuwa, iska na bin ta lafe-lafe. Aka ɗauki hoton gefen nata da na'ura, aka mayar da shi cikin zane. Neville ya tsira da kujerarsa. Kada ku ce motar ta ci duniya, ta bakwai ta zo a tseren farko, amma dai ta daina neman kashe direba.

Glenda fa? Doka doka ce. Takardar gargaɗi ta ƙarshe, da dakatarwar mako biyu. Ta karɓa, ta ninke, ta sa a aljihun rigarta. Neville ne ya ɗaukar mata jaka har tashar bas cikin ruwan sama, da za ta hau ya ce, "Ki gaida kajin."

Ranar da ta dawo ta tarar da Dakta da kansa tsaye a teburinta, yana riƙe da sabon fiffiken baya kamar jariri.

"Glenda, ko za ki ɗan shafa wannan? In kin ji wani wuri bai yi miki ba, ki ɗan..."

"A zane yake?"

"A'a, amma..."

"To je ka zana, Dakta, ka sa hannu, ka kawo. Gargaɗina na ƙarshe ne."

Ya tsaya yana kallonta. Sannan ya jawo kujera, ya zaro biro daga aljihu, ya ce, "To nuna min inda zan zana."