Ɗakin Kawu da Mabuɗi Ɗaya

Tsufa ya sa na manta abubuwa da yawa, har sunayen jikokina sai na yi ta kame-kame. Amma maganar mabuɗin ɗakin kawuna ta ƙi barin raina, kuma na san da ita za a binne ni.

'Yan shekaru ne kafin Turawa su tattara su tafi. Kawuna yana da ɗaki guda mai rufin kwano a Gwandu, yana ba ma'aikatan da ake turowa gari haya. Ɗaki ne da kayansa: gadon ƙarfe, katifar rimi, gidan sauro, tebur da fitilar ƙwai. Mutum ya zo da akwatinsa kawai ya shiga. Kwaɗo ɗaya a ƙofa, mabuɗi ɗaya. Da kawu zai tafi fataucin fata sai ya bar ɗakin a hannuna, ya kafa mini doka: mai fita ya damƙa mini mabuɗi, ni in damƙa wa mai shiga. Ya ƙara da cewa, "Ko mi za a yi, kada a fasa mini kwaɗo. Mu ba ɓarayi ba ne."

Ana tsakiyar damina aka yi wa malamin gonar da ke ɗakin canji zuwa Kalgo. Ya tashi ina can fadama wurin shinkafa. Na dawo na tarar da ƙofa a garƙame, babu shi babu mabuɗi. Ko ƙafa ban wanke ba sai ga motar kaya ta sauke sabon mai haya, wani malamin makaranta, da matarsa da jaririyarsu tana ta tari kamar ƙirjinta zai tsage.

Na bi unguwa gida-gida ina tambaya. Mai tireda bai sani ba, mahauci bai sani ba, ladan ma haka. Mutum ɗaya na tsallake, surukina, wanda gidansa ne na uku daga ɗakin. Wata huɗu ke nan da na auri ɗiyarsa, kuma a wurinmu ba ka tsayawa gaban suruki kana jero masa tambayoyi. Na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya. Tun daga nesa na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi kaina a ƙasa, ya amsa yana kallon wani gefe, na tashi na wuce sumui-sumui.

Malamin makarantar ya dubi hadarin da ya haɗo daga gabas ya ce, "Ɗan'uwa, samo guduma mu fasa kwaɗon nan. Ni zan sayi wani."

Na ce, "Malam, ka yi haƙuri, amana ce. Bari in bi shi Kalgo in karɓo."

Kai, ƙuruciya! Har wani daɗi na ji a raina, wai ni mai riƙon amana. Na kai matar da jaririyar ɗakin innata, shi kuma na shimfiɗa masa tabarma a zaure, alhali na san jinkar gidanmu duk ta ruɓe, ko yayyafi aka yi sai mun tara ƙore.

Na ari keke na kama hanya. Ban yi nisa ba ruwa ya kece. Rabin tafiyar ni na ɗauki keken a kafaɗa, laka har gwiwa, wani wurin sai da kwalekwale. Na kwana a wani ƙauye da jiƙaƙƙun kaya, na isa Kalgo da hantsi ina jan ƙafa.

Malamin gonar ya gan ni ya riƙe baki. "Subhanallahi! Tun daga Gwandu? Ai na ba dattijon nan maƙwabcinku, na ce ya sa a hannunka. An ce mini surukinka ne, na ce to wa ya fi shi?"

Wallahi sai na zauna daɓas a ƙasa. 

Na juyo, na sake cin wata wahalar, na iso gida washegari da la'asar na tarar da ɗakin a buɗe. Innata ta ba ni labari. Lokacin da na durƙusa gaban tsohon, mabuɗin yana aljihunsa. Ya zaci shi na zo karɓa, yana jira in yi magana. Da na yi shiru shi ma ya ji nauyin ya kira ni, kuma bai san da baƙin ba sai da gari ya waye mata suka kai masa zance. Ya zo da kansa ya buɗe, amma jaririyar ta riga ta kwana cikin yoyo da sanyi.

Kwana huɗu bayan haka ta rasu. Na je gaisuwa ina jiran uban ya zage ni, da ma ya zage ni ɗin, da na fi samun sauƙi. Sai ya riƙe hannuna ya ce, "Kwananta ne ya ƙare, ɗan'uwa. Sannu da wahala, ka sha hanya saboda mu."

Ko busasshen ɗaki zai raya ta, Allah ne masani, ni dai na gaji da yi wa kaina wannan tambayar. Abin da na koya kawai nake gaya wa yaranmu: in wani na cikin matsi, buɗe baki ka tambayi ko wane ne, ka ji kunyarka daga baya. In kuwa ƙofa ce ta tsaya tsakanin mara lafiya da mafaka, fasa ta, ka jira mai ita ya dawo ya yi faɗansa.