Yaya Kulu da Digirinta na Biyu

Duk wanda ya san Yaya Kulu a Talata Mafara ya san tambayarta. Ba ta zagi, ba ta ɗaga murya. Idan ka kuskura ka ba ta umarni, sai ta sauke tabarau kan karan hanci, ta dube ka daga hula har takalmi, ta ce, "Wa yaz zaɓe ka?" Ɗan kamasho a tasha ya sha wannan tambaya ranar da ya ce ta koma kujerar baya. Mai gadin asibiti ya sha ta. Ni kuwa Garba, ƙanenta, autan ɗakinmu, tun ina yawo da ɗan kamfai nake shan ta, har na yi furfura ban samo amsa ba.

Mutum ɗaya ne ya taɓa amsa ta, mijinta Alhaji Mu'azu. Ya ce ta rage gishiri a miya, ta jefa masa tambayar, shi kuwa ko kai bai ɗaga ba ya ce, "Ke kinka zaɓe ni, Kulu."

Ta ce, "Haka na. Amma ka tuna hwa, akwai tsigewa."

Kun san ta yi rayuwarta tana koyarwa a firamare, daga Bakura zuwa Maradun, ta dawo Mafara. Digirinta na farko da karatun hutu ta haɗa shi, da goyo a baya. Da ta yi ritaya, tsararrakinta kowa ta kama abin da ya dace da shekarunta, wannan ta sayi firiza tana sayar da ƙanƙara, waccan ta tara awaki. Yaya Kulu kuwa sai ta kira taron dangi a tsakar gidanta, ta ce za ta koma jami'a a Sakkwato ta yi digiri na biyu a kimiyyar siyasa.

Babban wanmu, Yaya Bello, har hularsa ta karkace. Ya ce, "Kulu, mace da jikoki, ki tahi ki zamna aji da ɗiyan cikinki? Kuma ki rasa abin karantawa sai siyasa? Takara za ki yi?"

Ta ce, "Ba takara za ni ba, Yaya. So nika in gane abin da aka yi muna. Na ji ra'ayinka, yanzu a jefa ƙuri'a."

Mu maza muna kan tabarma, mun ɗauka mu ne masu ƙuri'ar. Sai ta tafa hannu. Jama'a! Sai ga mata suna fitowa daga ɗakuna, surukai, 'ya'ya, jikoki, har da maƙwabciyarta mai sayar da daddawa. Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Wallahi har jaririn da ke goye uwarsa ta zaro hannunsa ta ɗaga. Daga baya muka ji ashe ta bi gidajenmu ɗaya bayan ɗaya da ƙullin dambun nama, lokacin da muke gona.

Yaya Bello ya miƙe, "Wanga maguɗi na!"

Ta ce, "To, ka kai ƙara kotu." Ta nuna mijinta.

Alhaji Mu'azu yana jan carbi, ido a rufe. Ya ce, "Kotu ta tahi hutu."

A wurin aka naɗa ni direba, saboda ni ke da tsohuwar mota. Wannan muƙami kam ba a yi masa zaɓe ba, kuma da na yi ƙorafi ta ce in rubuto a takarda, za a duba.

Ranar farko da ta shiga aji, malamin da ya shigo ya tsaya cak a bakin ƙofa. Dakta Lawali ne, ɗan Bakura, wanda ta koya wa baƙi da wasali a aji ɗaya, ta kuma zane shi ba sau ɗaya ba. Ya cire hula zai durƙusa, ita kuwa ta riga shi, ta rusuna ta ce, "Ina kwana, Malam." Bawan Allah ya rasa inda zai sa kansa. Ɗalibai suka ce ranar duk darasin a tsaye ya yi shi can kusurwa, yana magana yana satar kallon hannunta.

Da aka yi jarrabawar farko, ya ba ta maki mafi yawa a ajin. Wata da murna za ta dawo gida. Yaya Kulu ta sa na juya mota muka koma ofishinsa. Ta ajiye takardar a gabansa.

"Malam, wagga amsa ta biyu ni kaina na san shirme ta. Don mi kab ba ni cikakken maki?"

"Mama, ai kin yi ƙoƙari..."

"Tsoro na, ba ƙoƙari ba. Kana koya muna adalci da sahe, kana son kai da marece? Ka duba ni awa kowane ɗalibi."

To, ya ji magana. Jarrabawa ta gaba ya duba ta kamar kowa, ta fito da makin da da ƙyar ya tsallake faɗuwa, ga jan biro ko'ina kamar an yanka kaza a kan takardar. Tun daga Sakkwato har muka wuce Tureta ba ta rufe baki ba. "Yaron da nig goge ma majina! Yaron da bai iya riƙon fensir ba sai da nik kama hannunai!"

Na ce, "Yaya, ai ke kinka ce ya yi adalci."

Ta ce, "Adalci nic ce, Garba. Ban ce rashin kunya ba. Dubi hanya."

Amma ta zauna ta sake karanta komai. Ƙarƙashin dogonyaron gidanta, da gilashin ƙara girman rubutu, tana faɗa da marubutan littattafan kamar suna gabanta. Sai ka ji ta ce, "A'a, tsoho, nan kam ka yi ƙarya, ba ka taɓa zuwa Mafara ba." 'Yan ajinsu kuwa, ta kai musu fura da ƙosai da safe, in an zo gabatar da takarda da rana ta yi musu kaca-kaca da tambayoyi. Wani ya ce da ni, "Kawu, furar Mama ba kyauta ba ce, tarko ce."

Sai lokacin bincike ya zo, kuma a nan ne abin ya faɗo kaina. Ta zaɓi ta rubuta kundin digirinta a kan yadda manoman rani ke raba ruwa da yadda suke samun shugabanninsu. Ni kuwa a lokacin ni ne shugaban masu noman shinkafa a layin ruwanmu, wajen Bakura. Ni ke cewa yau a buɗe wa wane, gobe wane. Tsohon da ke riƙe da abin ne ya miƙa mini da ƙarfinsa ya ƙare, kowa ya ce madalla, aka ci gaba. Ba wanda ya taɓa kuka da ni.

Da motata na kai ta. Ni na shimfiɗa mata tabarma a bakin kanal ɗin da ke kai ruwa gonaki, ni na tara mata manoman, har ina cewa, "Ku saki jiki, yayata ce." Na koma gindin mangwaro ina gyangyaɗi. Ita kuwa tana kiransu ɗaya ɗaya. "Wa ad da ikon buɗe ruwa?" Su ce Garba. "Wa yaz zaɓe shi?" Sai mutum ya sosa ƙeya. Na gaba ma ya sosa ƙeya. Kafin shinkafa ta yi ciki, sai ga tawaga a ƙofar gidana, suna ta gaisuwa ba ta ƙarewa, daga ƙarshe suka ce sun ga ya kyautu a yi zaɓe. Aka yi. Wani yaro da ya gama kwalejin noma ya kayar da ni warwas.

Na tafi gidanta ina huci. "Yaya, man motata kinka ƙona kinka tuɓe ni!"

Ta ce, "Ni tambaya kawai niy yi." Ta turo mini kwanon tuwo. "Ci. Ka ba ni babi na huɗu, Allah shi yi ma albarka. Ka san shugabanni nawa a duniya sunka sauka ba tare da an hwasa ma kowa kai ba?"

Dakta Lawali ya gargaɗe ta cewa mai bincike ba ya ambaton sunan mutane. Ta bi doka. Ta rubuta, "wani manomi mai gajeren wuya da tsohuwar mota." Har yau a kasuwar Talata akwai masu kirana Babi Na Huɗu.

Akwai ɓangaren aikin da ya kamata ta yi a ƙauyukan Maradun, amma hanya ta lalace da 'yan bindiga. Dakta ya ce ta cire wannan ɓangaren, Alhaji Mu'azu ya ce haka, ni ma na ɓoye makullin mota. Ba ta yi gardama ba, abin da ya ba mu tsoro ke nan. Ashe ta ji labarin wasu mata da suka gudo daga Gidan Goga, ɗaya daga cikin ƙauyukan, da 'ya'yansu suna kwana a wani kango bayan tasha. Ta je da ƙafarta ta kwaso su. Ta kwashe littattafanta daga ɗakin karatu ta zuba a buhunan taki, ta ba su ɗakin. Ta ce da mijinta bincike ne. Binciken nan da tuwo ake yin sa safe da yamma, har da kai yara asibiti.

Wata rana ina wurin, tana yi wa ɗaya daga cikinsu tambayoyi, wata dattijuwa da ake kira Inno. Inno ta amsa, ta amsa, sannan ta ce, "Malama, ni ma in tambaye ki? Wanga karatu naki, in kin ƙare shi, shina maishe mu gida?"

Yaya Kulu ta ajiye biro. Ta cire tabarau ta daɗe tana goge shi da bakin zane. Can ta ce, "Ba ni yi miki ƙarya, Inno. Ba shi maishe ki. Amma abin da kinka hwaɗa, haka za ni rubuta shi, kuma sai manya sun zamna sun karanta shi kahin su ba ni takarda." Inno ta ce to, in haka ne a ci gaba, akwai saura.

Lokacin ciwon suga ya fara cin idonta. Ƙarshen kundin da baki ta faɗe shi, 'yarta tana bugawa a kwamfuta, suna faɗa a kan kowane waƙafi. Ranar kare kundi na kai ta, na zauna a mota ina ta salati. Dakta Lawali ne ya ba ni labarin abin da ya faru a ciki. Wani farfesa da aka gayyato daga wata jami'a ya yi ta juya ta, tana ba shi amsa ba tare da ta duba takarda ba, don ko ta duba ba gani za ta yi ba. Daga ƙarshe ya ce, "Hajiya, wannan manomin na babi na huɗu, anya akwai shi? Mutum ya sauka daga mulki haka kawai?"

Ta ce, "Shina nan waje cikin mota, ranka shi daɗe. A kira ma shi?"

Ta ci. Aka sa ranar bikin yaye ɗalibai, sai yajin aiki ya ɗage shi. Ita kuwa ta riga ta ce ba za ta yi hayar rigar biki ba, rigar da ba ta san wuyan wa ta fito ba. Ta kai wa telanta baƙin yadi ya ɗinka mata, ta sa ya yi mata aljihu biyu, ɗaya na goro ɗaya na magani. Da biki ya ƙi zuwa, sai ta fara sa ta a gida. Ka yi sallama ka same ta cikin rigar digiri tana tsince wake. Yaya Bello, wanda ya ce maguɗi ne, shi ya fi kowa kawo baƙi su gan ta. Yana cewa, "Ƙanwata ta. Ni nib ba ta shawara."

Da damina jikin ya tsananta, muka kwantar da ita a asibiti. Ranar da na je da rana na same ta da ɗan sauƙi, ta kamo hannuna tana lalube, ta ce, "Garba, tayoyin motag ga taka sun suɗe. Ka canza su."

Na ce, "Ina za mu, Yaya?"

"Digiri na ukku. Na yi magana da Lawali. Kada ka hwaɗa ma Alhaji tukuna, sai na shirya mata masu jefa ƙuri'a."

Na yi dariya har da hawaye, na ce to. Kuma na canza su, don ban taɓa iya ƙin maganarta ba. A makon ta cika, da hantsi, Alhaji Mu'azu yana riƙe da hannunta yana laƙƙana mata kalmar shahada. Inno da sauran matan su suka yi ta girkin masu ta'aziyya, suka hana kowa taɓa muciya. Tafiyar farko mai nisa da na yi da sababbin tayoyin, Sakkwato na je na karɓo takardar shaidarta. Na ɗora ta a kujerar gaba, na tuƙo a hankali, ba wanda ya ce mini in dubi hanya.

Allah ya jiƙan Yaya Kulu. Ya haskaka kabarinta fiye da yadda idonta ya dushe, ya sa abin da ta koya wa yaran mutane da abin da ta ciyar ya tarbe ta. Ya mayar da Inno da 'yan'uwanta gidajensu lafiya. Mu kuma da ta bari, Allah ya kyautata namu zuwan. Amin.