Takardar da na yi wa godiya

Shekara shida ke nan da na wanke 'yata Rabi da hannuna. Ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Malama Saude ce ke riƙe da biro, ina faɗa ina kuka, ta ce in ci gaba, hawaye ba ya fitowa a jarida.

Tana goye muka zo aikin hajji da mahaifinta, muka zauna a Jidda. Shi ya riga ta komawa ga Allah. Ta auri Isiyaku, direban motar ɗalibai a wata makarantar haddar Alƙur'ani a unguwar Waziriyya. Su ne kafilinsa, masu tsaya masa a wurin hukuma, iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa, a hannunsu take. Ranar da hukuma ta sa suka yi wa ma'aikata da iyalansu ta'amin, wato katin asibiti, Rabi har guɗa ta yi.

A haihuwarta ta biyar zuciyarta ta kumbura. Likita ta ce wani cikin zai iya kashe ta, ƙwayar tazarar haihuwa ba ta dace da ciwonta ba, sai dai a ɗaure mahaifa. Katin bai ɗauki wannan aikin ba, sai in mudirin makarantar, wato shugabanta, ya amince. Isiyaku ya ji tsoron iƙamarsa. Ni na ɗauki takardar likita na tafi.

Mudir ya sa aka kawo mini shayi. Ya karanta, ya yi rubutu layi biyu a ƙasa, ya buga hatimi, ya ce, "Halas, ya Hajja. Alheri ne in sha Allahu." Na yi masa addu'a har da iyayensa. Na raba dabino a layinmu. Sai a tagar asibiti wani ma'aikaci ya dube ni ya ce, "Hajja, an karanta miki wannan?" Ashe cewa aka yi makarantarsu ba ta sa hannu a yanke zuri'a.

Limamin unguwarmu ya ce lalura ce, addini bai hana ba. Amma liman ba shi da hatimi.

Ba a shekara ba Rabi ta samu ciki. Katin ya biya awo, ya biya gado, ya biya tiyatar da aka ciro jaririya. Da Rabi ta cika, aka ce mana yana biyan kai gawa gida ma, in muna so. Wane gida? Yarinyar da ba ta taɓa ganin Kano da wayo ba.

Yanzu Saude ta ce a rediyo ana ta gardama a Amurka, wai asibitocin coci ba sa so a tilasta musu biya wa ma'aikatansu maganin tazarar haihuwa. Da Rabi na nan, dariya za ta yi, ta ce, "Inna, su ma maza ne ke maganar ko?" Ban san doka ba. Na dai san mudir yana nan da ransa, kuma da imaninsa ya kwana lafiya, da jikin 'yata aka biya.

Abin da ya rage mini takardar nan ce a ƙasan akwati, da jaririyar, wadda muka mayar wa sunan uwarta. Ina son ta fiye da idona, ita da aikin nan zai hana zuwa duniya. Bana ta fara makaranta, ni na matsa, don kada wani ya miƙa mata takarda ta yi godiya. Ta riga ta kai harafin jim. Wata rana za ta buɗe akwatin nan, kuma ba za ta buƙaci kowa ya karanta mata ba.